Dekin ya zame mana tanda, me zan shimfiɗa a sama?

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin gini ku taimaka mini da shawara. Shekara uku ke nan da na zuba dekin, wato rufin kankare, a gidana a nan Kano, da niyyar in Allah ya hore in ɗora bene. Bene bai samu ba, dekin kuma ya zame mana tanda. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da rana ɗakin da dama-dama, amma daga magariba har wajen ƙarfe biyu na dare kamar an zuba garwashi a saman kanka. Fanka ma iskar zafi take turowa. Jiya bayan isha'i na taka kujera na taɓa silin, ɗumi kamar gindin tukunyar tuwo. Tun farkon Maris yara a tsakar gida suke kwana, sauro yana shagalinsa. Ba ni da ƙarfin esi, ko ina da shi ma ina wutar? Wani ya ce in jibga ƙasa a sama, wani ya ce in yi silin POP. Ni abu nake so na gida, mai sauƙin kuɗi.

Na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi esi da sola ka huta. Duk sauran dabaru wahala ce.

Baban Walida:
Ai da ina da kuɗin sola da esi da tuni na ɗora benen, wanda ke sama shi zai sha zafin.

Baba Magini:
Yaro, ba za ku ji ba ne. Mun ce muku ƙasar nan ba ta siminti ba ce. Ni a soro aka haife ni, a soro na yi aure. A jera azara ta giginya, a shimfiɗa zana, a bi da ƙasa mai kauri a daddaɓe, a kawo laso a shafe, a fitar da indararo. Tsakar rana a watan bazara ka shiga soro sai barci ya ɗauke ka. Je ka Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da azahar ka tsaya a ciki minti biyar, ka dawo ka ba mu labari. Shawarata ka samo jar ƙasa mai kyau ka zuba mai kaurin taƙi ɗaya a kan dekin nan, a kwaɓa da ciyawa, a daɓe, a shafe da makuba. Magana ta ƙare.

Injiniya Abu Hanif:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku kan soro gaskiya ce, amma ku ba ni dama in ɗan ja da batun zuba ƙasa a kan dekin.

Bari in fara da tambayar Baban Walida, me ya sa zafin sai da dare. Tsakar rana a bazara, kowace murabba'in mita ta rufinka tana karɓar kusan wat 1000 na rana. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya haura mita 13, kamar ka jera dutsen guga goma sha uku a sama ka kunna. Kankare mai launin toka kusan kashi ɗaya cikin uku kawai yake mayarwa sama, sauran ya shanye. Saman yakan wuce digiri 60. Dekin mai inci shida, wato santimita 15, nauyinsa kilo 360 ne a kowace mita, kuma duk wannan nauyin rumbu ne na ajiye zafi. Zafin yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya ratsa ya fito ta ƙasa. Ranar ƙarfe biyu ita ce take sauko maka da magariba, ta la'asar kuma ta same ka a kan gado.

Shi ya sa duk maganin da za a yi, a sama za a yi shi, kafin zafin ya shiga. In ya riga ya shiga kankare, sai dai ka jira ya fita da kansa.

Yanzu ƙasa. Ƙasar da aka daɓe ta sha ruwan Agusta tana kai kilo 2000 a mita kubik. In ka zuba santimita 15 kawai, kilo 300 ke nan a kowace mita. A ɗaki ɗaya tan huɗu, buhun siminti tamanin. Taƙi ɗaya da Baba ya ce ya ma fi haka. Rufin da aka zana don mutum ya riƙa hawa, yawanci kilo 150 a mita ake ware masa na kaya. Ka ga an ninka.

Baba Magini:
To injiniya, ba shi ya ce bene zai ɗora ba? Dekin da zai ɗauki bene shi ne zai kasa ɗaukar ƙasa?

Injiniya Abu Hanif:
Nan kun kama ni, Baba. In da gaske an zana shi don bene, yana da sarari fiye da rufin da ba a yi niyyar hawa ba. Amma bangon bene a kan bim da ginshiƙi yake sauka, ba a tsakiyar ɗaki ba. Sannan sau nawa muka ga dekin da aka ce na bene ne, ka je ka tarar rodi mai milimita 10 aka sa, an ware shi kamar haƙoran tsoho? Baban Walida, akwai zane? Wa ya tsaya a kan aikin?

Baban Walida:
Gaskiya babu zane. Birkila ne ya yi, ni kuma ina kasuwa. Na san dai rodi mai milimita 12 na saya.

Injiniya Abu Hanif:
To ka manta da jibga ƙasa tukuna.

Maman Sadik:
Ni dai gidan haya nake a Zariya, dekin ne mu ma. Abin da muke yi, da la'asar sakaliya yara su hau da bokiti biyu su watsa ruwa. Wallahi ana jin bambanci da dare. Wata maƙwabciyata har buhunan algarara ta shimfiɗa don su riƙe ruwan.

Injiniya Abu Hanif:
Hajiya, dabararku tana da tushe. Lita ɗaya ta ruwa in ta bushe ta tashi, tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗin wuta. A Maris da Afrilu da iska take a bushe, abin yana ci sosai. In damina ta matso iska ta yi laima, sai ƙarfinsa ya ragu. Matsala biyu ce. Ruwan da 'yan ga-ruwa suke sayar da jarka da tsada, kullum za ki zuba. Na biyu, in akwai tsaga ko siririya ce, ruwa zai bi ta ya sami rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya ɓare kankaren daga ciki. In kin ga filastar silin tana kumbura ko jan layi ya fito, a dakata.

Maman Sadik:
Innalillahi. Akwai jan layi a kicin. Na ɗauka hayaƙi ne.

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan uwa. Mu nan dal muke ce ma shi, kuma wahalar guda ce, Yamai ma ta fi. Abin da na gani da idona ya yi aiki shi ne inuwa. Ƙanen mahaifina ya kafa rumfa bisa dal ɗinshi, ƙafafun ƙarfe, ya aza zana, ya bar gefe huɗu buɗe iska na wucewa. Rana ba ta taɓa beto, wato kankaren, ko kaɗan. Da dare kuma can bisa suke kwana da gidan sauro. Ku duba aikin mai zanen gini Francis Kéré na Burkina Faso, makarantar da ya gina a garinsu Gando a 2001. Silin na tubalin ƙasa, sannan kwano can sama an ɗaga shi da ƙarafa, iska na bi tsakani. Wannan tunanin na cikin abin da ya kai shi ga lambar Pritzker ta masu zanen gini a 2022, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Rufi biyu, shi ke nan sirrin.

Na Sabon Gari:
Har sai iskar farkon damina ta zo ta kai wa maƙwabta zanar kyauta.

Ɗan Maraɗi:
Ta taɓa ɗauka kam, ba zan ɓoye ba. Shekarar farko da igiya ya ɗaure. Yanzu da waya yake ɗaurewa, ƙafafun kuma an kama su da bangon kewaye. Zana ce, in ta tafi ba dukiya ta tafi ba.

Dakta Ummu Aiman:
Na yi karatu shekara biyar a Indiya, kuma in dai batun dekin da zafi ne, mutanen nan sun riga mu shiga sun riga mu neman mafita, domin kusan kowane gida a birni rufin kankare ne. Bari in faɗi abin da na gani.

A arewacinsu akwai wanda ya yi kama da na Baba sak. Laka ce ake kwaɓawa da ƙaiƙayin alkama a shimfiɗa a kan kwalta, sannan a rufe da faffaɗan jan bulo. Bambancin, tun wajen zane ake lissafa nauyinta. A kudu wajen Chennai kuma fasassun jan bulo suke haɗawa da farar ƙasa, su jiƙa da ruwan mazarƙwaila da na wani ɗan itace mai bauri, su yi kwanaki suna daɓe shi da katako. Da na ga ana yi sai na tuna daɓen tsakar gida da makuba a gidan kakata.

Wanda ya fi burge ni shi ne na tukwane. Ƙananan tukwanen ƙasa ake kifewa a jere a kan dekin, baki a ƙasa, kowace tana taɓa 'yar uwarta. A cike tsakaninsu da abu mara nauyi, a yi filasta a sama mai gangare zuwa indararo. Kowace tukunya ta kulle iska a cikinta, iskar da ba ta motsi kuwa zafi ba ya ratsa ta da sauƙi. Wasu sai su ƙare da fasassun farin tayil a sama, ya riƙa mayar da rana.

Sai mafi araha duka, farar ƙasa. A Ahmedabad zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutum sama da 1,300. Daga nan a 2013 birnin ya fito da tsarin tunkarar zafi, daga baya suka shiga unguwannin talakawa suna shafe rufi da fari. Ba wani abu ba ne na a zo a gani, buroshi ne da bokiti.

Na Sabon Gari:
Tukwane ai namu ne. Ba ɗan Jigawa ba ne ya ƙirƙiro tukunya cikin tukunya har Turawa suka ba shi kyauta?

Dakta Ummu Aiman:
Marigayi Mohammed Bah Abba, kyautar Rolex a 2000. Amma aikin daban ne, ƙanena. Tasa da jiƙaƙƙen yashi take sanyaya kayan miya, ruwa na tashi yana tafiya da zafi, irin na randa, irin na bokitin Maman Sadik. Tukwanen rufi kuwa so ake su zauna a bushe ƙayau. Ranar da ruwa ya shige su, aikinsu ya ƙare.

Baba Magini:
Kun ji ko? Sai da aka je Indiya aka dawo sannan za a yarda da laka. Allah ya kyauta. Amma 'yata, ki gaya musu gaskiya, soro ma ba a barinsa haka. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba, an toshe tsaga, an yi yaɓe. Laso kuma da katsi ake yinsa, wato abin da ke kwantawa a gindin karofi, a haɗa da gashin jima da dafara. Yau marina nawa suka rage a Kano in ka cire ta Ƙofar Mata? Wa zai tara maka katsin da zai rufe gida? Ko ni da nake faɗa, rabona da haɗa laso na gaske an fi shekara ashirin.

Injiniya Abu Hanif:
Baba kun faɗi abin da nake so in faɗa. Kuma laso ruwa yake tarewa, ba zafi ba. Sanyin soro daga kaurin ƙasa yake, da tsayin ɗaki, da bango mai kauri, da ƙananan tagogi. Ba za a ɗauko yanki ɗaya a manna wa ginin bulo mai inci shida a ce ya zama soro ba.

Ga abin da ya fi ƙasa a wannan aikin, kuma muna da shi har ya zame mana shara: ɓuntun shinkafa. Ku bi ta Kura ko Haɗejiya ko Argungu ku ga yadda yake tsibi a bayan injinan casa. Zafi yana ratsa kankare fiye da yadda yake ratsa busasshen ɓuntu sau ashirin da wani abu. Santimita 10 na ɓuntu bai fi kilo goma sha biyu ba a mita, ka kwatanta da ɗari uku na ƙasa. Yana da sinadarin yashi a jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa ba ya ruɓewa da wuri, ba ya kama wuta fal-fal, gara ma ba ta cika sonsa ba kamar yadda take son karan dawa ko ɓawon gyaɗa.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ya jiƙe. Jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya tare komai, sai wari da nauyi.

Baban Walida:
To ta yaya zan ajiye ɓuntu a saman gida ruwan Agusta bai taɓa shi ba? In ɗura a buhu?

Injiniya Abu Hanif:
In na wucin gadi ne, e. Ka ɗura a buhuna ka jera daga Maris, ka sauke kafin ruwa ya zauna. Sai dai buhun leda rana tana cinye shi cikin 'yan watanni ya zama gari, sai ka rufa masa zana. In na dindindin ne kuwa, aiki ne na mataki-mataki. A wanke dekin, a toshe tsaga, a shafa kwalta ko a shimfiɗa abin tare ruwa. A kife tukwanen da Dakta ta ce, a cike tsakani da ɓuntu da aka ɗaure da farar ƙasa da ɗan siminti. A yi filasta siririya mai gangare, a bi da fari. Wannan ma ba na ce nauyinsa babu ba ne, filasta mai santimita huɗu kaɗai ta kusa kilo 90 a mita. Sai an zo an ga dekin. Kuma in shekara biyu masu zuwa za ka ɗora bene, duk fasa shi za a yi, asara ce.

Ɗan Nguru:
Ku zo ku kwashe mana ciyawar ruwan nan, kacalla, don Allah. Ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗejiya har Nguru, masunta da manoma suna kuka. A Senegal an mai da ita kayan gini, suna haɗa ta da laka suna yin bulo da allunan tare zafi. Cikinta kamar soso yake. Mu nan sai dai a yanke a ƙone.

Maman Sadik:
Ni tambayata POP ɗin nan. Mai gidanmu ya ce shi zai yi mana in mun ƙara kuɗin haya.

Dakta Ummu Aiman:
Yaya, zai rage miki wannan ɗumin da ke dukan fuska in kin kwanta, domin ya shiga tsakaninki da kankaren. Amma kankaren yana nan yana shan ranarsa, zafin ya taru a tsakani, ya bi bango ya sauko. Kuma da jan layin da kika ce kin gani a kicin, POP rufe shi zai yi, ba ki ƙara ganin abin da ke faruwa ba sai ranar da ɓaraguzai suka faɗo. Ki ce ya fara gyara yoyon.

Malam Ɗan'azumi Mai Walda:
Ina ta karantawa ban sa baki ba. In farar ƙasa kuke nema, ku je wurin masu waldar gas. Wannan farin ƙullun da muke zubarwa bayan kabayid ya gama aiki, farar ƙasa ce tsantsa. Da shi na shafe saman shagona da bangon gidanmu. Ka bar shi ya kwana biyu a buɗe warin ya fita, ka tace, ka dama da ruwa. Ka sa safar hannu, ka kiyaye ido, yana cin fata.

Injiniya Abu Hanif:
Gaskiya ne Malam, sinadarin ɗaya ne. Sabon shafe na farar ƙasa yana mayar da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na rana. Ka tuna kankare tsirara kusan kashi 30 yake mayarwa. Wato zafin da dekin zai sha ya ragu da fiye da rabi, ba ka ɗora masa nauyin komai ba.

Na Sabon Gari:
Fari a Kano? Hunturu ɗaya zai mai da shi kalar ƙasa.

Injiniya Abu Hanif:
Zai mayar, damina ma za ta wanke rabinsa. Shi ya sa lokacin shafawa ƙarshen Fabrairu ne ko farkon Maris, in ƙura ta lafa, kuma duk shekara. Wata uku kake nema ya yi maka aiki, Maris zuwa Mayu. Lokacin sanyi ma ai ba ka son farin, gara ya dushe.

Baba Magini:
Ku jiƙa ƙaro ku zuba a ciki, da ɗan gishiri, ya fi kama jiki. Kuma kada a yi shafe ɗaya mai kauri, zai ɓare. Siriri sau uku, da sassafe ko da yamma, kowanne ya bushe kafin a ƙara. Wai ni yau nake koya wa mutane shafa wa siminti farar ƙasa. Duniya.

Ɗan Maraɗi:
Abu guda da ba a faɗa ba. In ka rufe dal da ɓuntu ko tukwane, ka hana zafi shiga, amma ka hana shi fita ta sama da dare. Wanda ya shigo ta taga da bangon yamma zai zauna. Sai an buɗe tagogi da dare iska ta ratsa, a rufe su da hantsi. Mutanenmu akasin haka suke yi, taga buɗe da rana, da dare a kulle saboda sauro da ɓarayi.

Dakta Ummu Aiman:
Wannan gaskiya ne. Raga da burgila sun fi labule mai kauri amfani. Kuma don Allah masu tsofaffi da jarirai a gida, kada a raina zafin dare. Jiki da dare yake hucewa, in bai samu ba kwana uku huɗu a jere, nan ake samun matsala. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, ga azumi, tsofaffi da yawa ba su kai labari ba.

Baban Walida:
Jama'a na dawo bayan kwana tara. Na samo ƙullun kabayid bokiti huɗu a wajen wani mai walda a unguwarmu, kyauta ya ba ni, har yana mamakin me zan yi da shi. Ni da ƙanena muka share saman, muka yi shafe uku yadda Baba ya ce, da ƙaro. Ɗakin yara da namu kawai muka yi, na bar falo don in gane bambanci. Tsakar rana na hau ba takalmi, wajen farin ina iya tsayawa, wajen falo kuwa sai da na yi rawar da ban shirya ba. Da dare silin ɗakin yara ba ya ɗumi a hannu kamar da. Ba zan ce ya zama soro ba, bangon yamma har yanzu yana turo nasa, amma shekaranjiya yara a ciki suka kwana. Saura falo. Sai dai da muna sharewa na ga tsaga biyu, ɗaya ta kai tsawon hannu, kusa da inda ruwa yake kwanciya.

Injiniya Abu Hanif:
Alhamdulillah. Turo hoton tsagar, ka ajiye tsinken ashana a gefenta in ga faɗinta. Kada ka bari ruwan farko ya same ta a buɗe. Ka duba silin ta ciki daidai wurin, ko akwai jan layi irin na Hajiya.

Maman Sadik:
Ni ma na nuna wa mai gidan hayar nan maganganunku. Ya ce zai turo birkila, batun POP kuma a bar shi tukuna. Malam Ɗan'azumi, bokiti nawa zai ishi ɗaki biyu da kicin?

Malam Ɗan'azumi Mai Walda:
Hajiya ki nemi huɗu, in ya rage ki shafe bangon da rana take duka da yamma.

Baba Magini:
Baban Walida, wajen da ruwa yake kwanciya ɗin nan shi ne ciwon, ba tsagar ba. Birkilanka bai ba shi gangare ba. Ranar Asabar ina da aiki a wajenku, zan biyo bayan la'asar in gani da idona. Ka tanadi tsani mai ƙwari, gwiwar ba ta da ba ce.